Wayar Hannu Da Karatun Yaranmu 'Yan Firamare: Jan Hankali Ga Masu Juna Biyu Da Iyalansu

A wannan karon za mu ɗan waiwaya gida mu duba yayyen jaririn da kike ɗauke da shi, wato waɗanda kika yi wa wanka kika tura makaranta da safe kafin ki kamo hanyar zuwa awo.

Kwanakin baya wata baiwar Allah mai cikin wata takwas ta zo awo, na auna jininta na ga ya ɗan hau. Na tambaye ta ko akwai abin da ke damun ta a gida. Sai ta buɗe jaka ta ɗauko takardar sakamakon jarrabawar ɗanta da ke aji huɗu, ta ce, "Sista, duba ki gani. Yaron nan a da ba ya wuce na biyar, yanzu ga shi na ashirin da takwas. Malamin Islamiyya ma ya aiko, wai izifi biyun da ya haddace sun fara zubewa." Da muka bi diddigi, sai ta tuna cewa tun lokacin da laulayi ya kwantar da ita ta fara miƙa masa wayarta don ya bar ta ta huta. Daga minti goma aka koma awa guda, daga nan kuma sai da ta kai a ƙarƙashin matashinsa take samun wayar da asuba, caji ya ƙare ƙaf.

Wannan mata uwa ce mai kula da 'ya'yanta, gajiya ce ta yi mata yawa. Na san da yawa daga cikinku labarin nan zai yi kama da na gidajenku, shi ya sa na ga ya dace mu tattauna a kansa tun kafin haihuwa ta zo hidima ta ƙaru.

DON WA AKA YI KAFOFIN SADA ZUMUNTA?

Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, kuma a wancan lokaci kira da saƙon tes kaɗai ake yi da ita. An ƙirƙiro Facebook a 2004, YouTube a 2005, WhatsApp a 2009, Instagram a 2010, shi kuwa TikTok ya game duniya daga 2018. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, iyaye da yawa suka saki wayoyinsu ga yara da sunan karatu. An buɗe makarantu daga baya, amma a gidaje da dama wayar ba ta dawo hannun mai ita ba.

Abin da yawancin iyaye ba su sani ba shi ne, su kansu kamfanonin Facebook da Instagram da TikTok da WhatsApp sun rubuta a ƙa'idojinsu cewa sai wanda ya kai shekara 13 ne zai buɗe shafi. Asalin wannan adadi wata doka ce da Amurka ta yi a 1998, wadda ta hana tattara bayanan yaran da ba su kai shekara 13 ba sai da yardar iyayensu. To ɗan firamare a ƙasar nan yana tsakanin shekara 6 zuwa 11 ko 12 ne. Ke nan duk ɗan firamaren da kika gani yana da shafin kansa, ko dai ƙaryar shekaru aka yi, ko kuma da shafin babba yake amfani. Matsalar ba a nan kaɗai take ba. A 2023 babban jami'in lafiya na Amurka, Dakta Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi inda ya ce kusan kashi 40 cikin 100 na yaran ƙasarsu masu shekara 8 zuwa 12 suna amfani da waɗannan kafofi.

Wasu ƙasashen sun ɗauki mataki. Faransa ta hana ɗalibai amfani da waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare a 2018. Hukumar UNESCO a rahotonta na ilimi na 2023 ta yi kira da kada a bar waya a aji sai inda ta tabbata tana taimakon karatu. Ostireliya kuwa ta yi doka a 2024 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan kafofin sada zumunta, dokar ta fara aiki a watan Disamba na 2025.

TA YAYA SUKE TAƁA KARATUN YARO?

Na farko, suna cinye lokaci. Ki lissafa ranar yaronki. Ya fita boko da safe, ya dawo wajen ƙarfe ɗaya ko biyu, ya ci abinci ya ɗan huta, ya tafi Islamiyya bayan La'asar, ya dawo dab da Magariba. Abin da ya rage masa na yin aikin gida da aka ba shi a makaranta da kuma tilawar haddarsa bai wuce tsakanin Magariba da bayan Isha'i ba. Idan waya ta ɗauke awa guda a cikin wannan ɗan lokaci, to karatun ranar ya tafi. Shi ne za ki ga yaro da safe yana rubutun gaggawa a kan gwiwa, ko kuma ya je aji ya kwafa daga littafin abokinsa.

Na biyu, suna rage barci. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta bayyana a 2016 cewa yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12 a kowace rana. Yaron da za a tashe shi ƙarfe 6 na safe, ya kamata a ce ƙarfe 9 na dare ta yi masa a cikin barci. Akwai wani sinadari mai suna melatonin da ƙwaƙwalwa ke saki idan duhu ya yi, shi ne ke sanar da jiki cewa lokacin kwanciya ya yi. Haske da dare yana jinkirta fitowarsa, sa'an nan bidiyon ban dariya ko na faɗa yana sa hankalin yaro ya ƙi kwanciya. A 2016 masana a birnin Landan sun tattara bincike 20 da suka shafi yara fiye da 125,000, suka gano cewa masu amfani da waya lokacin kwanciya sun fi fama da ƙarancin barci da gyangyaɗi da rana. Har ma yaran da wayar ke cikin ɗakinsu kawai ba tare da sun taɓa ta ba, barcinsu bai kai na sauran ba. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana, saboda haka yaron da barcinsa ya ragu, hadda da lissafi duka za su riƙa zube masa.

Na uku, suna raunana natsuwa. An tsara gajerun bidiyoyin nan ne ta yadda da zarar ɗaya ya ƙare wani zai hau, kuma manhajar tana lura da abin da mai kallo ya fi tsayawa a kai ta riƙa kawo masa irinsa. Duk lokacin da wani sabon abu mai daɗi ya bayyana, ƙwaƙwalwa tana sakin sinadarin dofamin, wanda ke sa mutum ya so ƙari. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai bayan shekara 20. Idan ke babba kina cewa "bari in kalli ɗaya kawai" sai ki ga tuwo ya kama, me kike zato ga ɗan shekara 8? Yaron da ya saba da abin da ke canzawa kowane daƙiƙa 30, zama a kan lissafin rabawa na minti 20 zai yi masa nauyi. Wasu yaran kuma sukan ajiye littafi a gaba waya a gefe, su ce suna iya haɗa biyun. Hausawa sun riga sun gaya mana taura biyu ba ta taunuwa. Kowace leƙawa sai hankali ya ɗauki lokaci kafin ya dawo inda ya tsaya.

Na huɗu, suna rage karatu da rubutu. Shekarun firamare su ne lokacin da yaro ke ƙwarewa a haɗa baƙi da riƙe alƙalami, kuma wannan sai da maimaici kullum. A waya kuwa kallo ne da saƙon murya. A 2025 mujallar likitoci ta JAMA ta buga wani bincike da aka bi yaran Amurka fiye da 6,000 tun suna shekara 9 zuwa 10 har suka kai wajen 13. Waɗanda amfaninsu da kafofin sada zumunta ya yi ta ƙaruwa sun sami maki ƙasa da na sauran a gwajin karatu da sanin kalmomi da tuna abu, kuma waɗanda suka fi daɗewa a kai su ne suka fi yin ƙasa.

Na biyar, ido da jiki. Mai ƙura wa waya ido ba ya yawan ƙiftawa, shi ya sa ido ke bushewa ya yi ja, kai ya yi ciwo. Yawan kallon abu na kusa tare da ƙarancin fita waje yana da alaƙa da matsalar rashin hangen nesa, inda yaro zai ga littafinsa sarai amma rubutun allo ya yi masa hazo-hazo. A ƙasar Taiwan, inda matsalar ta yi yawa, gwamnati ta sa makarantu su riƙa fitar da yara waje na minti 120 a kullum daga 2010, kuma an ga sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki sosai a rana. Langa da 'yar gala-gala da ƙwallo da tseren taya da muka yi muna yara, duk magani ne ba mu sani ba.

INA RUWAN MAI CIKI DA WANNAN MAGANA?

Ruwanki ne ƙwarai, 'yar uwa. A watannin farko laulayi ne, a na ƙarshe nauyi da ciwon baya, bayan haihuwa kuma jego da rashin barci da baƙi 'yan barka. A waɗannan lokuta ne aka fi miƙa wa yaro waya don a sami sararin numfashi. Ranar suna kuwa, ki duba lungun gida za ki tarar da yara sun yi cincirindo a kan wayar wata baƙuwa, babu wanda ya san abin da suke kallo. Kafin a yi arba'in al'ada ta zauna, kuma cire ta ya fi shigar da ita wuya nesa ba kusa ba.

Haka kuma yaron da aka yi wa ƙane yakan ji kamar an ture shi gefe. Idan duk lokacin da ya matso kusa da ke waya ake ba shi, zai koyi neman lallashi a wajenta maimakon wajen mutane.

Shi ma jaririn yana da nasa haƙƙin. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ajiye yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban waya ko talabijin, shi kuwa mai shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa 1 a rana, in an rage ma ya fi. Sabon jariri yana ganin abin da ke nisan santimita 20 zuwa 30 ne, wato daidai tazarar da ke tsakanin fuskarki da tasa lokacin shayarwa. A shekarun 1970 wani masani a Amurka mai suna Edward Tronick ya gwada sa uwa ta daina yi wa jaririnta murmushi da magana na ɗan lokaci, ta dube shi da fuska a sake. Nan da nan jaririn ya shiga neman hankalinta, da ya rasa sai ya kau da kai ya fara kuka. Uwar da idonta ke kan waya tana shayarwa, irin wannan fuskar jaririnta ke gani. Daga wannan kallon juna da gwaranci ne harshe ke farawa, kuma a kan harshe ake gina karatun firamare.

ALAMOMIN DA ZA KI LURA DA SU

1. Wahalar tashi da safe, ko malami ya ce yana gyangyaɗi a aji.
2. Aikin gida ba ya ƙarewa, ko rubutunsa ya lalace saboda gaggawa.
3. Haddar da ya riƙe da kyau ta fara kuɓuce masa.
4. Kuka da birgima ko zagi idan an karɓi waya.
5. Ɓoye waya, ko saurin kife ta idan babba ya shigo.
6. Ya daina sha'awar fita wasa da tsararrakinsa.
7. Yawan murza ido, ƙanƙance ido idan zai dubi nesa, ko ciwon kai.
8. Sababbin kalmomi ko rawar da ba a gidanku ya koya ba.

Abin lura a nan shi ne, ba kowane koma-bayan karatu ne laifin waya ba. Ƙarancin jini, tsutsar ciki, zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa, ciwon sikila, rashin ji sosai, matsalar ido, da tafiya makaranta ba karin kumallo, duk suna dakushe yaro. Idan kin janye waya na wasu makonni ba ki ga canji ba, ko kuma yaron yana ramewa, ko tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, ki kawo shi sashen yara a duba shi. Mai ƙanƙance ido kuma a kai shi sashen ido.

MATAKAN DA ZA A ƊAUKA TUN KAFIN HAIHUWA

1. Ku zauna da maigida ku tsayar da doka ɗaya. Idan uwa ta hana uba ya bayar, ko kaka ta ce "ku bar mini jika ya kalla", an yi aikin banza. A gidan da ake zaune da abokiyar zama ko matan 'yan uwa, a sanar da kowa cikin mutunci, domin yaron da aka hana a ɗaki ɗaya zai nufi na gaba.

2. Kada a buɗe wa ɗan firamare shafi nasa na kansa, kada kuma a saya masa babbar waya. In akwai buƙatar a riƙa kiran sa, ƙaramar waya mai maɓalli ta wadatar.

3. Ki sa wa wayarki lambar sirri, ki canza ta idan yara sun gane.

4. Karatu kafin kallo. A ware lokaci ɗaya da wuri ɗaya na aikin gida kullum. Ɗan aji ɗaya zuwa uku minti 20 zuwa 30 ya ishe shi, manya kuma a ƙara musu kaɗan tare da hutu a tsakani. A lokacin nan waya ta kasance a wani ɗakin.

5. Idan makaranta ta WhatsApp take turo aiki, ke ki buɗe saƙon, yaro ya kwafe a littafinsa a gabanki, ki karɓi wayarki. Nan ne yara da yawa ke samun ƙofa.

6. A kashe kallo aƙalla awa guda kafin kwanciya, kuma a yi cajin waya a ɗakin iyaye.

7. In za a yi kallo, a zaɓi abin da za a kalla tun da farko, a faɗi lokacin tashi, kuma a yi shi a tsakar gida ko falo inda babba ke gani. Ki kashe tsarin da ke sa bidiyo ya riƙa hawa da kansa. Ya fi kyau ki sauke karatun Alƙur'ani ko darasin lissafi a wayar, sa'an nan ki rufe data kafin ki miƙa. Manhajar Family Link ta Google tana taimaka wa iyaye su ƙayyade lokaci, kuma kyauta ce.

8. Ki tanadi abin da zai maye gurbin wayar. Kamar yadda kike haɗa kayan haihuwa, ki haɗa wa yayyen jariri nasu: fensirin kala, littafin zane, ƙananan littattafan labarai. Kaka ta dawo da tatsuniya da kacici-kacici bayan Isha'i.

9. Ki raba aiki tun yanzu. Wa zai riƙa duba littattafan yara a kwana arba'in na jego? Maigida, wannan naka ne. Minti 15 da za ka zauna ka ji tilawar ɗanka ka duba littafinsa ya fi masa kowace tsaraba. In kana tafiye-tafiye, a ɗora wa ƙanwar uwa ko babban yaya.

10. Lokacin shayarwa, ki kira babban ya zauna kusa da ke ya karanta miki abin da aka koya musu yau. Kin ji karatunsa, ya ji ɗuminki, jariri kuma yana jin magana.

11. Ki koya masa cewa duk wanda bai sani ba ya yi masa magana ta waya, ko ya nemi hotonsa, ko ya ga abin da ya tayar masa da hankali, ya zo ya gaya miki, kuma ba za a doke shi ba. Yaron da ke tsoron bulala ɓoyewa zai yi.

12. Mu ma manya mu duba kanmu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In ana cin abinci, ko yaro na ba ki labarin makaranta, ki kife wayar.

Idan yaro ya riga ya saba, kada a yi masa da duka ko gori. A gaya masa sabuwar doka da rana tsaka lokacin da hankalinsa ke kwance, a bayyana masa dalili, a riƙa rage lokacin kaɗan-kaɗan. Zai yi kuka da fushi a kwanakin farko. Idan kika sakar masa saboda kuka, kin koya masa cewa kuka ne mabuɗi. Ki kuma sanar da malamin ajinsa da na Islamiyya domin su riƙa gaya miki abin da suka gani.

KAMMALAWA

Waya tana da amfaninta. Da ita kike gaisawa da 'yan uwa na nesa, da ita wasunku ke sayar da kayan sana'a, da ita za a kira mai mota idan naƙuda ta tashi da tsakar dare. Yaranmu ma za su girma su yi aiki da ita. Abin da muke nema shi ne su fara iya karatu da rubutu da natsuwa tukuna, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Baiwar Allahn da na ba ku labarinta ta sauka lafiya, an sami mace. Da ta dawo awon bayan haihuwa na tambaye ta labarin yaya babba. Ta yi dariya ta ce, "Sista, satin farko yaƙi aka yi, har abinci ya ƙi ci. Babansa ne ya tsaya. Yanzu dai kafin tara ya yi barci, malam kuma ya ce tilawar ta fara dawowa." Ta ce suna jiran jarrabawar ƙarshen zango su ga abin da Allah zai yi.

Duk mai tambaya a kan wannan batu tana iya tuntuɓar mu a ɗakin awo ranar da ta zo. Kada a manta da ranar awo ta gaba, da shan maganin ƙarin jini, da kwana cikin gidan sauro. Allah Ya sauke ku lafiya, Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani. Amin.